Mota ta ƙara jiki, fili bai ƙaru ba: fashin baƙi kan wahalar fakin a Legas

A filin ajiye motoci na manyan kantuna a Ikeja ko Lekki, ba sai mutum ya daɗe a tsaye ba zai ga abin da ake magana. Direba ya zo da jif, ya tsaya a tsakiyar hanya ya sauke Hajiya da yara tukuna, domin ya san in ya shiga gurbi ba za su iya fita ba. Ya shiga tsakanin layuka biyu daidai wa daida, ya kashe mota, ya tura ƙofa, ta buɗe kamar taƙi biyu ta tsaya. Sai ya sa yatsunsa a bakin ƙofar don kada ta daki motar kusa, ya haɗiye ciki, ya zame a kaikaice. In aka samu ƙarzane a fenti, shi za a tuhuma, ko maigadin da ya yi masa jagora. Alhali sau da yawa ba rashin iya tuƙi ba ne. Lissafin awo ne bai fita ba tun kafin a tayar da injin.

Ga lissafin. Gurbin fakin da masu zanen gini suka saba shatawa faɗinsa mita 2.4 ne zuwa 2.5, tsawonsa mita 4.8 zuwa 5. Wannan awo tsoho ne, kuma ya dace da motocin zamaninsa. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna faɗinta santimita 169, tsawonta kusan mita 4.5. Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Ojo, kan hanyar Badagry, faɗinta santimita 155 ne kacal. In 504 biyu suka tsaya kusa da juna, kowacce a tsakiyar gurbi mai mita 2.4, tazarar da ke tsakaninsu santimita 71 ce, wadda ta ishi babban mutum ya fita da babbar rigarsa. Yau kuwa Land Cruiser faɗinta santimita 198, haka Lexus LX 570. Sienna, motar iyali, ita ma kusan haka take. In irinsu biyu suka jeru, abin da ya rage santimita 42 ne, kuma ba a lissafa madubin gefe ba, ba a cire kaurin ita kanta ƙofar ba. Mutum na buƙatar aƙalla santimita 60 kafin ya fita ba tare da ya goge jikin mota ba. Mai juna biyu, ko tsoho mai ciwon gwiwa, ko uwar da za ta ciro jariri daga kujerar baya, suna buƙatar fiye da haka. Mai keken guragu kuwa sai an bar masa mita 1.2 a gefe.

Tsawo ma haka yake. LX 570 ta kai kusan mita 5.1, Hilux mai ƙofa huɗu mita 5.3, Cadillac Escalade ta bayan nan kusan mita 5.4, doguwarta kuma ta doshi mita 5.8. Saka Hilux a gurbi mai mita 4.8, rabin mita na jikinta yana kan hanyar wucewa. Wannan rabin mitan ba ita kaɗai ya shafa ba: duk wanda ke jeren da ke fuskantarta ya rasa wurin karya kwana.

Kuma ba jif kaɗai ba ne ya ƙara jiki. Corolla ta farkon shekarun 2000 faɗinta santimita 170, ta yanzu 178. Golf ta farko, ta 1974, santimita 161 ce, ta yanzu 179. Highlander ta farko ba ta wuce santimita 183 ba, wadda ta fito a 2014 ta haura 192. Wata ƙungiyar nazarin sufuri a Turai mai suna Transport & Environment ta gano cewa sababbin motocin can suna ƙara faɗin santimita 1 a duk shekara biyu. Hukumar makamashi ta duniya kuma ta ce kashi 48 cikin 100 na motocin da aka sayar a duniya a 2023 nau'in jif ne. Wani ɓangare na wannan girma yana da dalili mai kyau: ƙarafan kariya a cikin ƙofa, jakunkunan iska na gefe, da gaban mota da aka tsara ya lanƙwashe ya shanye ƙarfin karo, duk suna cin wuri. Sauran kuwa kasuwa ce, domin ribar babbar mota ta fi ta ƙarama tsoka. Tun da kaso mai yawa na tokumbon (motocin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasar waje) da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can daga Amurka suke fitowa, inda tituna da wuraren fakin suke da yalwa, sai ya zama ana shigo da motar da aka ɗinka wa babban fili, ana cusa ta a jihar da ta fi kowace jiha ƙarancin ƙasa a Najeriya.

Bai kamata a yi wa mai sayen jif a Legas kallon mai son nuna isa kawai ba. Wanda ke bin hanyar Lekki zuwa Ajah a watan Yuni ko Yuli ya san abin da ruwa yake yi wa ƙaramar mota. Cikin Land Cruiser ya ɗaga daga ƙasa da kimanin santimita 23, kamfanin kuma ya ce tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70. Corolla kuwa da ƙyar cikinta ya kai santimita 15. Ambaliya da ramuka su ne suke tura mutane ga manyan motoci, manyan motocin kuma su cinye ɗan filin da ake da shi. Magudanar ruwan da ba a gyara ba, ita ce take dawowa ta zama rigimar fakin.

Kwana ta fi faɗi wahala

Abin da mutane suka fi mantawa da shi shi ne da'irar juyawa, wato faɗin filin da mota take buƙata ta yi cikakkiyar kwana in an karya sitiyari har ƙarshe. Corolla takan juya a cikin ƙasa da mita 11. Land Cruiser tana son kusan mita 12, Hilux kusan 13. Hanyar da ake bari tsakanin jere biyu na motoci kuwa yawanci mita 6 ce, kuma masu gini da yawa suna rage ta don su ƙara gurabe. A irin wannan hanya, doguwar mota ba za ta shiga gurbi da kai a karo ɗaya ba. Sai ta yi gaba, ta yi baya, ta sake gaba, na bayanta suna danna oda.

Dalilin yana cikin yadda mota take kwana. Tayoyin gaba ne suke karyawa, na baya ba sa bin sawunsu, suna yanke ta ciki. Gwargwadon nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya, gwargwadon yankewar. Shi ya sa in ka duba jifofin da ke shiga matsattsun gidaje, tabon yakan kasance a ƙofar baya da saman tayar baya, a gefen da aka yi kwana. Direba ya ga hancin mota ya wuce ginshiƙin get lafiya, ya ɗauka ya tsira, sai ƙugun motar ya goga.

A gidajen Legas abin ya haɗu da kwata. Kusan kowane layi yana da lambatu a gefe biyu, ana ɗora kwalbati ko silab daidai faɗin get. In get ɗin ƙafa 10 ne, wato kimanin mita 3, jif mai madubi a buɗe yana cin kusan mita 2 da kwata, saura ƙasa da santimita 40 a kowane gefe, wannan ma in ya shigo a miƙe. Amma daga layi mai ƙunci ba a shigowa a miƙe, a karkace ake shigowa, kuma tayar baya ta ciki ita ce take zamewa daga bakin silab ta faɗa kwata. Maganin ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin gyaran ƙafar mota: a faɗaɗa murfin kwatar ya zarce ginshiƙan get da kamar mita 1 a kowane gefe, get ɗin kuma ya zama ƙafa 12. Get mai buɗewa ciki ma yana cin wuri. In tsakanin katanga da bangon gida mita 6 ne, mota ta ci mita 5.1, ganyen get mai mita 1.5 ba shi da inda zai bi ya rufu. Get mai zamewa a kan dogo shi ne yake warware wannan, muddin ana share yashin da ke taruwa a dogon.

Masu sayen gida a rukunin gidajen da ake jerawa bango ɗaya a Lekki, Ajah da Gbagada ya kamata su yi hattara da kalmar "wurin mota biyu". Mota biyu wace iri? Fuloti a Legas yawanci ƙafa 60 ne a faɗi da 120 a tsawo. Faɗin nan, mita 18 da ɗoriya, zai ɗauki gurbi bakwai in an shata mita 2.4, amma shida ne kawai in an shata mita 2.7 da jif yake buƙata. Mai gini ya san gurbi ɗaya kuɗi ne, don haka ƙaramin awo zai zaɓa. Tun ran gini ran zane: a je da tef a auna, ko a je da ita kanta motar a gwada shiga da fita kafin a biya.

Idan gida ya kasa ɗaukar mota, layi ne yake ɗauka. A ɗauki layi mai faɗin mita 7, irin wanda ake samu a Surulere, Agege ko Idi-Araba. In aka ajiye 504 a kowane gefe, kowacce ta bar santimita 20 daga bakin kwata, saura mita 3.2 a tsakiya. In jif biyu ne, saura mita 2.6. Motar kwasar shara, tankar ruwa da motar kashe gobara faɗinsu ya kai kimanin mita 2.5 ba tare da madubi ba. Ke nan bambancin santimita 60 ɗin nan shi ne yake raba layin da za a iya kawo ɗauki da wanda za a tsaya ana neman mai mukullin mota gida na ci da wuta. Ranar Juma'a a kusa da masallatai, ranar Lahadi a kusa da coci-coci, da Asabar ɗin biki, a nan ne abin yake fitowa fili.

Nauyi da tsayi

Land Cruiser ta haura tan 2 da rabi, Corolla kuwa wajen tan 1.3. Wato kowace tayar jif tana danna ƙasa da sama da kilo 600. Motar jif da aka yi wa sulke don kariya daga harsashi takan wuce tan 4. Silab ɗin da aka zuba shekaru 30 da suka wuce da ɗan siririn rodi ba don wannan aka yi shi ba. Mafi haɗari shi ne murfin sokawe, domin a gidaje da yawa ramin yana ƙarƙashin farfajiyar da ake fakin, an shafe shi da siminti ba alama. Duk direban da ya fara aiki a sabon gida, ya tambayi maigadi inda ramin yake tun ranar farko. Intalok, wato bulon da ake shimfiɗawa a farfajiya, shi ma iri biyu ne a kasuwa, mai kaurin santimita 6 da mai 8. Inda manyan motoci za su kwana kullum a sa mai 8, amma abin da ya fi kaurin muhimmanci shi ne a daddaɓe ƙasan da kyau da inji. A unguwannin da aka cike fadama da yashi, wanda bai yi haka ba zai ga sawun taya ya lotsa cikin damina ɗaya, ruwa ya riƙa kwanciya a ciki.

A wuraren fakin na bene, irin na filin jirgin sama da manyan gine-ginen Victoria Island, akwai allo ko ƙarfe a bakin shiga da ke nuna iyakar tsayi, sau da yawa wajen mita 2.1. Manyan jifofi tsayinsu kimanin mita 1.9 ne. In an ɗora kariyar ɗaukar kaya a sama, ko an sa manyan tayoyi, ko an ɗaga ƙafa, tazarar ta ƙare. Direba ya san tsayin motarsa na gaskiya, wanda ya auna da tef, ya rubuta a takarda ya liƙa kusa da sitiyari. A kula da murfin but mai ɗagawa sama, yakan kai bututun da ke rataye a rufi. Ƙofar bayan Prado kuwa, irin wadda aka fi gani a titunanmu, gefe take buɗewa, tana son fiye da mita 1 a baya. In za a ɗora kaya, a ɗora kafin a matsa jikin bango.

Akwai abin da ya fi fenti da bamba tsada. Gwargwadon tsayin bonat, gwargwadon faɗin wurin da direba ba ya gani a gabansa. Yaro ɗan shekara uku da ke tsugune gaban jif ba ya bayyana ga wanda ke kan kujera. Cibiyar kamfanonin inshora da ke nazarin haɗurran hanya a Amurka ta bayyana a 2023 cewa motar da bonat ɗinta ya haura kimanin mita 1 ta fi mai gajeren gaba yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100. A gidan haya mai yara da yawa, ƙa'ida ɗaya ce: a zagaya motar da ƙafa kafin a tayar, ko da minti biyu aka yi da ajiye ta.

Na'urori suna taimakawa, amma a san iyakarsu. Amurka ta wajabta kyamarar baya a sababbin motoci tun daga watan Mayun 2018, don haka tokumbon da aka ƙera bayan nan suna zuwa da ita. Sai dai kyamarar tana nesanta abin da yake kusa, laka kuma tana rufe idonta a damina. Ƙananan na'urorin da ke jikin bamba suna ƙara ne idan sautin da suka tura ya daki abu ya dawo. Buɗaɗɗiyar kwata ba ta mayar da komai, don haka na'urar za ta yi shiru har taya ta faɗa. Siririn rodi da sarƙa ma sukan kuɓuce mata. Motar da ta taɓa haɗari aka sake mata fenti kuwa, sau da yawa an toshe na'urorin da fenti mai kauri, ko an mayar da su a karkace. A gwada su da bokiti a baya kafin a dogara da su.

Yadda ake shigar da babbar mota

Da baya ake shiga. Tun da tayoyin gaba ne suke karyawa, motar da ke ribas tana juyawa ne a kan tayar baya, ta shiga matsattsen wuri da ƙaramin fili, kuma in za a fita ana ganin hanya. Direba ya kunna sigina, ya bi kusa da jeren da gurbin yake, tazarar kamar mita 1. Da tayar bayansa ta zo daidai gurbin, ya karya sitiyari zuwa ɗaya gefen, ya ɗan yi gaba har motar ta tsaya a karkace, bayanta yana kallon gurbin. Daga nan ya sa ribas, ya karya zuwa gefen gurbi, ƙafarsa a kan birki ba a kan totur ba. Ya sunkuyar da madubin gefe yadda zai ga tayar baya da layin fenti. Kada ya manta da kusurwar gaba, domin ita take fita waje ta daki motar da ke ɗaya jeren. Da jikin motar ya daidaita da layi, ya miƙar da sitiyari. In bai yi daidai ba ya fito ya sake, ba abin kunya ba ne.

Akwai dabarar da direbobin gida ɗaya ko ofis ɗaya za su iya haɗa baki a kai. In wannan ya shiga da kai, na kusa ya shiga da baya, gefen fasinja zai fuskanci gefen fasinja. Sai su matsa da juna ta nan su bar santimita 20, ta ɗaya gefen kuma kowane direba ya samu sama da santimita 60. A gefen titi kuwa, a nemi wurin da ya fi motar tsawo da mita 1.5: Hilux tana son kusan mita 7.

Mai yi wa direba jagora ya tsaya a baya ta gefen hagu, inda za a gan shi a madubi, ba tsakanin mota da bango ba. Mutum ɗaya ne zai yi magana. In maigadi yana cewa "Zo, Malam, zo, karya dama," ɗan kamasho a bakin titi yana buga but yana faɗin akasin haka, direba ya tsaya cak har sai murya ɗaya ta rage. Gilas a sauke, rediyo a kashe. Da mai jagora ya ɓace daga madubi, a taka birki.

Abu biyu suke lalata mota a hankali wajen fakin. Na farko, danne sitiyari a ƙarshensa na tsawon lokaci, wanda yake wahalar da famfon sitiyari a motocin da ke amfani da mai, har a ji yana kuka. Na biyu, sa giya a P, wato giyar fakin ta mota otomatik, a kan gangara kafin a ja birkin hannu. Gidaje da yawa a Legas an ɗaga su sama da titi saboda ruwa, mashigarsu tana da tudu. In aka sa P aka saki birki, nauyin tan 2 da rabi yana rataye ne a kan ɗan ƙaramin ƙarfe a cikin giyabos, shi ne ƙarar da ake ji in an zo cirewa. A ja birkin hannu tukuna, a bar motar ta zauna a kansa, sannan a sa P.

Saura tambayar wanda zai biya. Gurbi mai mita 2.4 da 4.8, tare da rabonsa na hanyar wucewa, yana cin kusan murabba'in mita 19. Mai mita 2.7 da 5.5, da hanya mai mita 7, yana cin sama da 24, ƙarin kusan kashi 30 cikin 100. A yawancin wuraren fakin na Marina, Ikeja da bakin kasuwanni, kuɗi ɗaya ake karɓa daga mai Corolla da mai Escalade, wato ƙaramar mota tana tallafa wa babba. Birnin Faris ya ɗauki mataki a kan haka a 2024, bayan ƙuri'ar jin ra'ayi: baƙon da ya zo da motar fetur ko dizal da ta haura tan 1.6, ko ta lantarki da ta haura tan 2, yana biyan ninki uku, har Yuro 18 a awa a tsakiyar gari. Legas ba Faris ba ce, tun da a nan ruwa da rami suna cikin abin da ke tilasta sayen jif, kuma ƙarin haraji kafin a gyara magudana zalunci zai zama. Amma hukumar LASPA, wadda take kula da harkar fakin a jihar kuma take karɓar kuɗi a kan kowane gurbi a gaban gine-gine, tana da damar fayyace awon gurbin da take karɓar kuɗinsa. LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta jihar, tana jan motar da ta tare hanya da janwe, alhali wani lokaci gurbin da aka shata mata ne ya gaza tsawonta.

Mai filin fakin ba sai ya faɗaɗa kowane gurbi ba. Ya ware jere ɗaya mai mita 2.7 da 5.5 kusa da mashiga, nesa da ginshiƙai, ya sa masa kuɗinsa daban, sauran ya bar su ga ƙananan motoci. Inda hanyar tsakiya ba ta kai mita 6 ba, ya shata guraben a karkace, ya mayar da hanyar ta zama shiga ta nan fita ta can, domin gurbi mai karkata digiri 45 yana aiki da hanyar da ba ta kai mita 4 ba. Ya ja layi biyu tsakanin gurabe maimakon ɗaya, tazarar santimita 30 zuwa 40, saboda direba yakan daidaita motarsa da layin da yake gani. Ya kuma dasa tokarin taya na kankare kimanin mita 1 daga bango, don dogon bayan a-kori-kura ya tsaya kafin ya kai ga katanga.